Lambobi Ukun da Babu a Allon Genzo

Masaharu Urabe ya yi shekara talatin da shida yana tuƙa bas a birnin Hiroshima. Da ya ajiye aiki yana da shekara sittin da ɗaya, sai ya tattara ya koma tsibirinsu, ran tara ga watan Afrilu. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun kama gabansu. A gida ya tarar da yayarsa Fusae, wadda ba ta taɓa barin tsibirin ba, da mahaifinsu Genzo, ɗan shekara tamanin da tara, tsohon masassaƙin kwale-kwale da tsufa ya fara taɓa wa hankali.

A rumfar sassaƙa da ke bayan gida akwai dogayen katakan wani itace da ake kira sugi guda shida, sun yi shekara ashirin suna bushewa a kan maratayi. A jikin bango kuma ga allo a rataye, mai ɗauke da zanen kwale-kwale na ƙarshe da Genzo ya zana da tawada amma bai samu ya sassaƙa ba: ƙafa goma sha takwas, sanda ɗaya a tsakiya, da ƙyallen kama iska. Masaharu ya ƙudura zai haɗa shi, tsohon ya gan shi a kan ruwa da idonsa.

"Kai ɗin?" in ji Fusae. "Mutumin da ya gudu saboda shara?"

Gaskiya ta faɗa. Masassaƙan wajen ba sa koyarwa da baki. Yaro zai yi ta shara da wasa ƙarfe yana satar kallo, har hannunsa ya gane aikin. Masaharu ya yi shekara biyu da tsintsiya, mahaifinsa bai taɓa ce masa ga yadda ake yi ba. Yana sha bakwai ya hau jirgin fito da jaka ɗaya, bai yi wa kowa sallama ba.

Ashe abin da ido ya sata bai zube duka ba. Cikin wata biyar ya shimfiɗa gindin kwale-kwalen, ya kafa hanci da bayansa. Ya tuna yadda ake haɗa katako biyu a bi tsakaninsu da zarto, sau uku, daga mai manyan haƙora zuwa mai ƙanana, har su manne ko haske ba ya ratsawa. Fusae ta ci gaba da tsiyarta, amma ita ta ɗinka ƙyallen, ta zauna a kansa kwana goma sha ɗaya. Har ta yanki gashin kanta ta naɗe a farar takarda, wanda za a ɓoye a gindin sanda ranar saukar da kwale-kwalen ruwa don tsaronsa, kamar yadda mahaifiyarsu ta riƙa yi.

Da aka zo katakan haƙarƙari sai aiki ya tsaya. Allon ya nuna tsawo, ya nuna zurfi, amma bai nuna iya kwanciyar da katakon ƙasa zai yi waje ba a wurare uku: gaba, tsakiya da baya. Ba mantuwa ba ce. Kowane masassaƙi yana cire 'yan lambobi daga allonsa ya bar su a ka, don kada almajirinsa ko abokin hamayya ya kwafe. Sai ga magaji ake faɗa, shi ma a ƙarshe.

Masaharu ya cire allon ya kai wa tsohon, ya durƙusa.

"Baba, nan nawa ne?"

Genzo ya dubi allon, ya ɗora yatsa daidai kan gurbin farko, ba kuskure. Sannan ya ɗago ya ƙare masa kallo.

"Wa ya aiko ka? Mutanen tsallaken ruwa ne ko?"

"Baba, ni ne, Masaharu."

"Ke Fusae! Zo ki ga ɓarawo da tsakar rana!"

Fusae ta fito da ludayi a hannu. Ita kam tsohon bai taɓa kasa gane ta ba. "Baba, ɗanka ne fa. Wata biyar kuna cin shinkafa a tebur ɗaya."

"Ɗana shekararsa sha bakwai, gashinsa kamar buroshi. Wannan mai sanƙon ai ya kusa girme ni."

Fusae ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta koma kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Masaharu ya gwada da safe, lokacin da kan tsohon ya fi washewa. Ya gwada bayan wanka. Ya kawo hotunan da, Genzo ya gane kowa a ciki, ya sumbaci hoton yaron, ya miƙa masa yana cewa, "Ka ga ɗana." Ya ɗaura tsohon ƙyalle a goshi ya kama shara a gabansa kamar da, tsohon ya ce, "Sabon ɗan aikin nan ba laifi, amma kada a bar shi kusa da allo." Fusae ma ta tambaya da kanta, a cikin hira, kamar ba komai.

"Me za ki yi da shi, za ki zuba a miya ne?" in ji Genzo. "Na Masaharu ne. Na ajiye masa."

Babu wani da za a tambaya. Masassaƙin tsallaken ruwa, abokin hamayyar Genzo, ya rasu shekara takwas da suka wuce, da nasa lambobin. Kwale-kwalen da Genzo ya sassaƙa duk sun ruɓe ko an ƙone su tun da na roba suka shigo. Masaharu ya zaga tsibirai huɗu ko zai samu ko da ɓarin ɗaya ya auna, bai samu ba.

Ran uku ga Nuwamba ya yanke shawarar yin kintace. Katako huɗu aikin ke buƙata, yana da shida. Ya hura garwashi a ƙarƙashin na farko, yana yayyafa masa ruwan zafi, yana tokare shi da sanduna daga azarar rufi, yana murɗawa kaɗan-kaɗan. Genzo na zaune a kan kujerarsa mai taya a bakin rumfa, bargo a gwiwa. Wajen ƙarfe sha ɗaya katakon ya yi ƙara, ya tsage tun daga gaba har kusan tsakiya.

"Tun da ka kafa tokara ta biyu na san zai fashe," in ji tsohon.

"To don me ba ka faɗa ba?"

"In faɗa wa wa?"

Bayan kwana tara ya gwada na biyu. Wannan bai fashe ba, amma ya murɗe fiye da kima, ya ƙi zama a kan gindin, kuma katakon da ya sha wuta ba ya komawa. Saura huɗu cif. Kuskure ɗaya kuma, babu kwale-kwale, don itacen da za a sare yau sai ya shekara biyu kafin ya bushe.

Ya zauna a kan tarin ɓawon itace, hannunsa duk toka. Fusae ta ajiye masa shayi a gefe.

"Yaya, in sake gwadawa?"

"Ni ka tambaya? Ni ɗinki na sani." Ta tura masa shayin kusa. "Da ka daure da sharar nan shekara uku kacal."

"Na sani."

"Ban ce ba ka sani ba."

Bai sake hura wutar ba. Ya mayar da katakai huɗun kan maratayi, ya rufe gindin da tamfol, ya mayar da allon ƙusarsa. Ƙyallen yana ninke a cikin akwati, takardar gashin na kansa.

A cikin hunturun nan Genzo ya ɓullo da sabuwar ɗabi'a: kullum sai an kai shi bakin mashigi ya taryi jirgin fito na ƙarfe huɗu da minti arba'in. Masaharu ne ke tura shi. Yakan tsaya a bayansa riƙe da kujerar, tsohon yana bin masu saukowa da ido ɗaya bayan ɗaya. Ba su cika wuce mutum goma ba, yawancinsu tsofaffi da ledar asibiti.

"Yau ma bai zo ba," in ji Genzo.

"Bai zo ba, Baba."

"Zuciya gare shi, irin tawa. Amma zai zo. Lamba uku ce fa kawai, ko minti ɗaya ba za mu yi ba." Ya juyo ya dube shi. "Kai kana zuwa birni, ko? In ka gan shi ka ce ya yi sauri. Ta tsakiyar ta fara kufce mini."

Masaharu ya gyara masa bargon. "Zan gaya masa."

Ya juya kujerar suka kama hanyar gida.