Sunan da Babu a Jikin Bango

Shekarar da bom ya tashi a tashar mota, ina koyon ɗinki a Jikwoyi, ina kuma son wani mai gyaran waya a kasuwar Gudu. Ba wanda ya san da zancenmu. Ni na hana shi gaya wa 'yan'uwansa, don a littattafan soyayyar da na taso da su, son da aka ɓoye ya fi zaƙi. Yakan yi dariya ya ce, "Hajiya Littafi, a babi na nawa zan turo magabata?"

Kullum da safe ta wannan tashar yake bi. Daga ranar da bom ɗin ya tashi, wayarsa ba ta ƙara shiga ba.

Asibitoci suka manna takardu a bango, na waɗanda suka rasu daban, na waɗanda ke kwance daban. Kwana tara ina bin sunayen da yatsa. Babu nasa. Sai na tsara wa kaina labari: ya bugu a kai, ya manta kowa, wata rana zai ga fuskata komai ya dawo masa. Har rigar da zan sa ranar na yanka, mai ruwan ganye.

Da na gaji, na tafi Gudu wajen ogansa, wani dattijo ɗan Filato. Ya daɗe yana kallona.

"Kai ne yarinyan da yake boye mana? Sannu, 'yata. Yayansa ya gan shi a wurin, ya dauke shi a motan kaya. Kafin la'asar sun binne."

Na koma asibiti, na sami ma'aikacin da ke riƙe da takardun. Na ce masa adadin da ake faɗa a rediyo bai cika ba, saura mutum ɗaya.

"Ɗaya?" Ya murza idonsa. "Baiwar Allah, gawar da ta shigo nan muke ƙirgawa. Wadda dangi suka ɗauke tun daga tasha, ta ina za mu san ta? Balle wanda ya cika a gida bayan sati biyu."

"To a ƙara shi."

Ya buɗe biro. "Sai dangi sun shaida. Ke mece ce tasa? Mata? Ƙanwa?"

Na buɗe baki, ban sami abin da zan kira kaina ba. Ya ɗan jira, sannan ya mayar da murfin biron.

Rigar tana ƙasan akwatina har yau, a yanke, ban ɗinka ba.