Tokar Yayata da Digirin Ɗiyata

Shekarun baya na tafka wata wauta, kuma gara in faɗa da bakina kafin mutanen Tambuwal su ƙara mata gishiri.

Ɗiyata ta zo hutu daga jami'a, ta ce za ta fara digiri na uku, wannan da in ka gama ake ce maka dakta ko allura ba ka iya yi ba. Saura ta zaɓi abin da za ta yi bincike a kai. Ni kuwa da ajina fuɗu na firamare, na ga aiki ya same ni. Ban ko tambaye ta ba, na je majalisa na sanar cewa ɗiyata za ta binciko man fetur a ƙasar Kebbe.

Da na dawo sai ta ce, "Baba, ni fa toka nika son in bincika."

"Toka? Ta murhu?"

"Ita. Yadda Gwaggo ke cuɗa wake da toka, ta zuba a tulu ta liƙe baki, ya shekara ƙwaro bai taɓa shi ba."

Gwaggon nan yayata ce, a Fakku take. Na gyara zaman hula na ce ban yarda ba. Shekara ashirin ana boko, a ƙare a murhu? Da wane ido zan dubi majalisa? Yarinya ta sunkuyar da kai, har ta fara cewa to, za ta sake tunani.

Washegari na goya ta a babur sai Fakku, wai yayata ta taya ni yi mata faɗa. Na manta sarai cewa da damina ta kama, ni na aika roƙon irin wake wurinta, don nawa da na zuba a buhu, irin na wayayyu, ƙwari sun mai da shi gari.

Yau ɗiyata dakta ce, a kan tokar nan. A majalisa Baban Dakta ake kirana, ina amsawa ba ko kunya. Saura ƙiris in raba ta da abin da take so don kawai kada a yi mini dariya, Allah Ya kiyaye.

Amma har gobe in na ga murhu sai na tuna ranar. Yayata tana tankaɗe, ta bar ni na gama jawabina kaf, ba ta ko ɗago kai ba ta ce:

"Kai mai fetur, waken da ka shibka bana, daga cikin mi ya fito? In toka ta yi maka ƙanƙanta, maido mani abina."