Taswirar Orval Pruski

Na fara ganin Orval Dean Pruski a watan Satumba, a shagon wankin unguwarmu a Ohio. Dogo ne, hularsa ta koɗe. Yana shimfiɗa taswirar mazaɓu bisa injin wanki, yana ɗiga ja da shuɗi, launukan manyan jam'iyyun ƙasar biyu.

"Dattijo, ƙuri'a ɗari uku ce za ta raba kujerar majalisar nan," in ji shi. "Bana sai 'yan takara sun zo ƙofata sun roƙe ni!"

Sai da na kai hamsin na koyi karatu, amma da na duba taswirar ban yi kuskure ba. An sake shata iyaka, titinsa ya faɗa mazaɓar da kowa ya san mai cinta. Ina zaton ya sani, kuma duk da haka yana share barandarsa yana jiran zuwansu.

Rabona da shi tun ranar biyu ga Nuwamba, ana gab da zaɓe.