Ranar da Aka Sa Ƙanwata Tsallake

Ƙanwata ba ta iya zama wuri ɗaya ba. A shekarar da ta kai goma, lokacin Faransawa na mulki, sai ta koma kamar kaza mai neman wurin ƙwai: ta shiga ɗaki, ta fito, ta leƙa rumbu, ta dawo. Ci kuwa, wayyo! Ta share tuwonta, ta lashe nawa, amma kullum ramewa take. Hannunta na rawa, zufa na keto mata ko da sanyin asuba, idanunta suka firfito, wuyanta ya ɗan kumbura.

Maƙoƙo ba baƙo ba ne a ƙauyenmu na kusa da Guci. Sai dai masu shi da muka sani manyan mata ne masu sanyin jiki. Ba wanda ya taɓa ganin sa ga yarinya mai zare ido da yunwar da ba ta ƙarewa. Aka fara ƙus-ƙus a bakin rijiya, wai mayya ce. Ni kuwa zuciyata a kusa take, har tulu na taɓa fasawa a kan maganar.

Da Baba zai kai gyaɗa Magarya, ya ɗora ta bisa takarkari ya kai ta wurin likita. Likitan ya taɓa wuyan, ya saurari ƙirjinta, ya ce ƙullin wuyan ne ke aiki fiye da kima, yana ƙone abincin da ta ci. Ya ba da wani jan ruwa a 'yar kwalba, a riƙa ɗiga mata cikin ruwan sha. Ya ce a ƙasar Turawa an samo wani maganin da ake sha ya kashe ƙullin daga ciki, amma bai iso nan ba. Ta ɗan lafa. Kwalbar ta ƙare, rawar hannu ta dawo.

Ana nan sai ɗan maƙwabciyarmu ya kwanta da zazzaɓi, yana sambatu yana kiran sunan ƙanwata. To, wa zai kira? Tare suke wasa! Uwarsa ta shigo da dattijai, suka ce yarinya ta zo ta tsallake shi, don a wurinmu haka maye ke sakin kurwar da ya kama.

Na tare ƙofa. Na ce, "Wallahi ba inda za ta!"

Inna ta ce, "Matsa. In ya mutu ba ta tsallaka ba, ina za mu sa kanmu?"

Ta kama hannunta suka fita, na bi su ina huci. An shimfiɗe yaron a tsakar gida, mutane sun cika zaure. Ƙanwata ta ɗaga ƙafa tana karkarwa, ta tsallaka, ta juyo tana tambayar Inna da ido ko ta yi daidai.

Daga nan na rasa sukuni. Ina daka, kunnena na bayan danga. Ban san abin da zan roƙa ba, kuma har yau ina jin haushin an sa ni a wannan hali: yaron nan ina son sa, amma in ya tashi, magana ta tabbata.

Ya tashi. Uwarsa ta shigo da ƙwaryar fura, ta durƙusa gaban Inna da fara'arta, ta ce, "Yaya, a yi wa yarinya godiya. Allah ya saka mata da ta sake mana shi."

Ƙanwata na tsaye nan, ta ji komai.