Furannin Gwaggo Rabi

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Gwaggo Rabi, ƙanwar mahaifina, Allah ya jiƙanta. A unguwarmu a Tawa, tsofaffin mata sun san ta da surfani: allura da zare, tana fitar da fure a kan zanen gado da rigar matashi.

Ba ta taɓa kwaikwayon furen atamfa ba. Duk damina sai ta tafi Kalfu, garin haihuwarta, ta tsuguna a bakin gona tana kallon furen yakuwa, da na kabewa, da na tumfafiya. In ta dawo ta zuba su a kan farin yadi, har manomi ya gani ya kira sunansu. Takan ce mini, "Ɗiyata, huren da ba ki san sunanai ba, kada ki sa shi inda mutum ka kwana."

Ni kaɗai ta koya wa, kuma iri uku na riƙe. Ina cewa akwai lokaci.

Yanzu idona ya fara yana. Kwanan baya zanen da ta yi mini ya yage daidai kan furen yakuwa, na zauna a rana tsaka ina neman kafar allura, ban same ta ba. 'Yata Mariyama ta ce, "Inna, ki kai wa tela mana, keke na yin wanga nan take." Na kai. Ya cike wurin da wani fure mai ƙyalli wanda babu gonar da ya taɓa tsirowa. Zamani riga ne, na sani. Amma da Gwaggo za ta leƙo kasuwa yau, ta ga yadi tuli da furanni marasa suna, me za ta ce? Me za ta ce da ni? Tun ranar hankalina bai kwanta ba, ina tsoron aikin ya bi ni kabari.

A watan jiya na je suna a Bambeye. An kwantar da jaririya a kan wani zane da ya koɗe, gefensa furen kabewa. Na san hannun tun daga bakin ƙofa. Mai jegon ta ce na kakarta ne, ba ta san wadda ta ɗinka ba.

Na ce, "Rabi sunanta, mutuniyar Kalfu."

Ta shafa furen da yatsa, ta ce, "Rabi." Sannan ta gyara wa 'yarta kwanciya a kai.