Ratsin da Safa Ba Ta Bi Ba

Hindatu 'yar masunta ce daga Haɗeja. A gidansu kifi na tukunya ne, ita kuwa boko ya kai ta ga kiwon waɗansu 'yan mitsi-mitsin kifaye a ɗakin binciken kimiyya a Dutse. Babanta har ya rasu yana yi mata tsiya, wai duk karatun nan ya ƙare a kan kifin da ko miya ba zai yi ba.

Aikinta gwada ganinsu ne. Sai ta zuba 'ya'yan kifin a farantin gilashi, ta kunna hoton ratsin baƙi da fari yana tafiya a ƙarƙashinsu. Wanda ke gani, nan take ƙwaƙwalwarsa za ta ba wutsiya umarni, ya bi ratsin. Wanda ya tsaya cak, ta san makaho ne. Ta tsame shi gefe, ta ci gaba da hirarta.

Ta daɗe da aure kafin Allah ya ba ta Safa. Yarinya ga dara-daran idanu, surukar Hindatu, Hajiya Maijidda, kullum cikin rambaɗa mata kwalli take. Aka gama wankan jego, wata ya bi wata, Safa ba ta taɓa haɗa ido da uwarta ba.

"Hajiya, yarinyar nan fa ba ta kallona," in ji Hindatu.

"Ke dai kin cika garaje. Duka-duka yaushe aka haife ta?"

Hindatu ta fi kowa sanin yadda ake gwadawa, shi ya sa ta yi ta ɗagawa, tsoro ya hana ta. Ran nan da hantsi, gida ba kowa, ta ɗauko zanen saƙi mai ratsi, ta ja shi a hankali a gaban fuskar Safa. Jaririn da ke gani, ƙwayar idonsa sai ta bi ratsin, ko bai so ba. Ta ja dama, ta ja hagu, ta matso da shi. Safa dai wasanta take da ƙafa, idanun ko motsi. Hindatu ta cusa zanen a baki don kada kukanta ya firgita yarinyar.

Likitan ido a Kano bai gaya mata sabon abu ba.

Yanzu hannun Hindatu cike yake da warwaro, a wurin aiki har tsokanarta ake da amarya. In ta dawo gida, tun daga zaure take kaɗa hannu. Safa na jin ƙarar sai ta miƙa hannuwa biyu tana dariya, fuskarta na fuskantar bango.