Ƙofar Ɗakin Neta

Aganetha Banman ne sunanta a takarda, amma ba mai kiranta haka sai hukuma. Neta muke ce mata. Ita ce ta bakwai a ɗakinmu, ni ce ta biyu, a hannuna ta yi wayo. An haife ta a ƙauyenmu na Kiristoci 'yan ɗariƙar Menonayit a Chihuahua, nahiyar Amurka, inda mutanen gari ke jin Sifaniyanci. Tana ƙarama fari ya kore mu, Baba ya loda mu a bayan motar kaya har Kanada, muka sauka a Leamington inda duk mutanenmu suke sauka, muka shiga gonakin tumatir na cikin gilashi.

Mu mata ba a barinmu mu daɗe a makaranta. Ni daga firamare aka ce ya isa. Neta ta ɗan ƙara gaba, sannan ita ma aka miƙa mata almakashi da kwando. Shekaru ta yi tana tsinka a layin da ke kusa da nawa, kuma ko tumatir ba ta tsinka da baki a rufe. In mai gona ya ce a fara ta gabas, sai ta ji dalili. In ya kawo dalilin, sai ta juya shi ta duba bayansa. Marigayi Baba yakan ce bakin mutum uku aka haɗa aka ba yarinyar nan.

Da kanta ta koma makarantar manya ta ƙarasa sakandare. Daga nan ta lallaɓa ta yi digiri, rabi karatu rabi tumatir. Sai ta samu aikin tafinta, tana juya wa mutanenmu magana daga yarenmu zuwa Turanci a asibiti da ofisoshin gwamnati, wani lokaci har kotu. Kowa ya ce to madalla, ta kai inda za ta, saura miji. Wata rana ta dawo ta jefar da jaka ta ce ta gaji da zama bututu. Magana ta shiga ta nan ta fita ta can, tana kallon mutum zai sa hannu a abin da zai cuce shi, ba ta da ikon ƙara ko kalma ɗaya. Lauya za ta zama.

Mutanenmu ba sa kai ƙara, ba sa rantsuwa a gaban alƙali. Saboda haka maganar ba ta kwana ba sai da ta isa kunnen Ohm Kornelius, dattijon cocinmu. Ya tare ta a bakin coci ya ce lauya mutum ne mai cin abinci da faɗan wasu.

Ta ce, "Likita ma da ciwon wasu yake ci, Ohm. Ga shi ni nake raka ku wurinsa."

Kafin makarantar lauya ta kalli mutum, sai ya ci wata jarrabawa da suke kira LSAT. Ba a tambayar doka a cikinta. Hujjar wani za a kawo maka a ce ka nemo inda ta yi rauni, agogo yana gudu. Da ta yi min bayani na ce ashe jarrabawar gardama ce, to ai an gama, su ba ki takardarki kawai. Ba ta yi dariya ba. Tun bazara take fama da wasu littattafai masu kauri kamar bulo, a mota, a teburin kicin, a ɗakin jiran likita.

Shekarar annoba ce, an rufe ɗakunan jarrabawa da laburare. Kowa a gida zai rubuta, a kwamfuta, wani mutum can nesa yana kallonsa ta kyamara. Sharaɗin kuwa, ka kasance kai kaɗai, ƙofa a rufe, kada a ji muryar kowa, kada idonka ya bar allo. A nan matsalar take. A gidan Banman ba a rufe ƙofa da rana. Ba ma ɗakin da yake da makulli. In ka ga ƙofa a rufe, to wanda ke ciki ba shi da lafiya ko yana fushi, kuma duka biyun shiga ake yi a duba shi. Neta da Mama ne kawai ke kwana a gidan, amma daga safe zuwa yamma jikoki da surukai da maƙwabta ba sa yankewa.

Ranar jarrabawar, cikin kaka, Neta ta zaunar da Mama ta ce don Allah kada a dame ta. Mama ta ce ta ji. Neta ta shiga ta ja ƙofa, ta ɗaga kwamfutar ta nuna wa mai gadin jarrabawa kusurwa-kusurwa har ƙarƙashin tebur, aka fara. Abin ya zo mata da sauƙi, tambayoyin suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ta wuce rabi ke nan lokacin faspa ya yi, ɗan abincinmu na la'asar da ba a tsallakewa ko gawa ce a gida. Mama ta yanka burodi da cuku, ta zuba kofi, ta cire silifas don kada ta yi ƙara. A kan yatsun ƙafa ta shiga. Ta ajiye farantin a gefen hannun Neta, ta shafa mata kai, ta leƙa allon don ta ga abin da ke wahalar mata da 'ya, ta fita kamar iska.

Allon ya tsaya cak. Wata murya ta ce an dakatar da jarrabawar.

Mama ta kasa gane laifinta. Ta yi ta maimaitawa, "Ai ban ce komai ba. Ko tari ban yi ba." Neta ba ta yi faɗa ba, wannan ne ma ya fi ba mu tsoro. Ta zauna tana kallon farantin har kofin ya huce. Sai da aka yi ta rubuce-rubuce da bincike kafin aka yarda ba satar amsa ba ce, aka ce ta sake a watan Janairu. Wannan ce ta ƙarshe da makarantar za ta karɓa a shekarar. In ta kuɓuce, sai wata shekara, kuma Neta ta haura talatin, kowa na jiran ta gaji.

Na ce mata ta kama ɗaki a otal ta huta da fitina. Gidana ba zai yiwu ba, yara bakwai gare ni. Ta ce ba inda za ta. In har sai ta gudu daga gidan uwarta kafin ta iya yin tunanin rabin yini, to Ohm ya yi gaskiya da yake cewa karatun nan raba mutum da nasa yake yi. A wannan ɗakin za ta rubuta, a wannan teburin.

Sai ta yi kuskurenta ita ma. Ta bi dangi gida-gida a waya ta ce ranar Asabar, ranar jarrabawar, kada kowa ya zo. A wurinmu ba a faɗin haka. Kafin Juma'a maganar ta zaga ta canza kama, ana cewa 'yar Banman ta fara karatun kotu, har ta rufe wa 'yan'uwa gidan ubanta.

Asabar ta waye da dusar ƙanƙara har gwiwa. Na zo na zauna da Mama a kicin don in riƙe ta. Ba ta ma buƙaci riƙo ba, ta haɗe hannu a cinya ta ƙi taɓa ko cokali.

Neta tana ciki, ta yi nisa a wani dogon rubutu mai murɗe-murɗe, sai ta ji tayar mota tana taka ƙanƙara a tsakar gida. Ta san kukan injin nan. Ta ji ana buga takalmi a bakin ƙofa, sannan muryar Ohm Kornelius, muryar da ta saba cika coci ba lasifika, tana sallama tana tambayar ina yarinyar take. Wuyanta ya so ya juya, ta danne shi. Rubutu ya fito a gefen allo, mai gadin yana tambaya ko akwai wani a ɗakin, ya ji murya. Ta rubuta masa babu. Ya ce in ya ƙara ji zai tsayar.

Ba abin da za ta iya. In ta tashi ta faɗi, in ta yi magana ta faɗi. Kuma ta san uwarta, matar da ba ta taɓa zama Ohm yana tsaye ba, ba ta taɓa ce masa a'a ba ko a kan gishirin miya. Ta ji an ja kujera. Ta ji ƙofar waje ta buɗe ta rufe. Daga nan shiru.

Ta karanta layi ɗaya ta sake karantawa, bai shiga ba. Sai haushi ya taso mata, na Ohm, na dangi, na mutumin da ke kallonta daga nesa kamar ɓarauniya. Neta kuwa ba ta taɓa yin aiki mai kyau kamar in tana jin haushi ba. Ta gyara zama ta kama tambayar nan ta shaƙe ta, ta wuce ta gaba.

Abin da ba ta gani ba, ni na gani da idona. Mama ta ɗora yatsa a leɓe, ta kama hannun rigar Ohm, abin da ba macen da ta taɓa yi, ta ja shi waje. Ta rufe ƙofa ta jingina bayanta da ita. Ba rigar sanyi a jikinta, silifas ne a ƙafarta. Na zaga ta baya da bargo na kai mata, shi ya sa na ji da kunnena.

Ya ce ya zo ne ya yi wa yarinyar magana. Mama ta ce zai yi, in ta fito.

"Matar Banman, a kan ƙanƙara za ki tsayar da ni?"

"Ni ma a kanta nake tsaye, Ohm. Ku rage murya."

Ya ce gidan mai bi ba ya rufe wa baƙo ƙofa, balle dattijo. Ta ce gaskiya ne, haka aka koya mata, haka ta koya wa 'ya'yanta. Amma ta shiga ɗakin can sau ɗaya ta ga abin da ya yi wa fuskar 'yarta, ba za ta ƙara ba, ba kuma wanda zai shiga. Ya tsaya yana jira sanyin ya kora ta ciki. Ya dubi ƙafarta, ya dubi ƙofar. Tsohuwar nan ko motsi. A ƙarshe shi ne ya juya ya shiga motarsa.

Da Neta ta fito, ido ja, kafaɗa a sanƙare, ta tarar da Mama ta tsoma ƙafa a bahon ruwan ɗumi. Ta tambayi abin da ya faru.

"Ohm ne ya zo, ya tafi."

"Me kuka ce masa?"

"Na ce kina aiki."

Neta ta durƙusa ta sa hannu a ruwan tana murza mata yatsu.

Sakamakon ya fito da kyau. Ba ita ce ta fi kowa a ƙasar ba, amma ya wuce abin da ake nema. Sauran takardun dama ta riga ta tura, da shaidar malamanta, da dogon bayanin da suke so mutum ya rubuta a kan kansa. Aka shiga jira. A wannan jiran wasu mata suka daina zuwa faspa gidanmu, wasu suka daina gaishe da Mama da suna. Mama ta ce ba komai, dama burodin ba ya isa.

Ina cikin layin tumatir da bazara wayata ta yi ƙara. Neta ce. Ta ce makarantar lauya ta Windsor ta ɗauke ta. Ihun da na yi, ma'aikata suka rugo sun ɗauka yatsa na datse. Na ce musu ƙanwata ce, wadda ta yi tsinka a wancan layin, za ta zama lauya. Na faɗa da yarenmu, na faɗa da Turancina mai karaya, na faɗa da Sifaniyanci, har wanda bai tambaya ba sai da ya ji. Har yanzu in na tuna sai in ji ƙafata tana son rawa, mu da ba a yarda mu yi rawa ba.

Lahadin da ta biyo Neta ta ɗaura baƙin kallabinta ta tafi coci, ta zauna a ɓangaren mata inda take zama kullum. Da aka tashi Ohm Kornelius ya same ta a waje, mutane suka rage tafiya don su ji. Ya ce ya ji labari. Ya ce ya ga masu irin wannan tafiya da yawa, ba wanda ya dawo.

Ta ce, "Windsor ce fa, Ohm. Ko awa ba ta kai ba a mota. Ranar Lahadi kada a ba kowa wurin zamana."

Ya gyara hularsa. Motarmu tana can ƙarshen fili, bayan inda maza suke taruwa su yi hira, wurin da mu mata muke zagayewa ta jikin shinge. Neta ta riƙe hannun Mama, na riƙe ɗayan, ta ja mu ta tsakiyarsu. Suka dare suka ba mu hanya.